Rasuwar Sista Eudora, Organ ɗin Cocin Rijiyar Alheri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci wanda Fasto ya roƙe ni kada in kira sunansa a takardar coci, ni Ozella Pettiford, makaɗiyar Cocin Rijiyar Alheri da ke nan garin Gary, a madadin dattawa da zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa, nake sanar da 'yan'uwa na kusa da na nesa rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikina, Sista Eudora, organ ɗin cocinmu, wato abin kiɗanmu mai aiki da lantarki. Rai ya yi halinsa cikin wannan shekara ta 1985, a wani fili cikin hamadar Kalifoniya, nesa da gida, babu nata ko ɗaya a kusa sai mutum guda. Da ma babu shi.

A nan ne aka saba rubuta "bayan gajeruwar rashin lafiya" ko "bayan doguwar jinya". Ba zan rubuta ko ɗaya ba, domin ban saba yi wa mamaci ƙarya ba. Lafiyarta ƙalau ta bar garin nan. Kashe ta aka yi.

An haifi marigayiyar a wata masana'anta a Shikago, ta iso mana a 1956, zamanin da hayaƙin kamfanin ƙarfe ba ya yankewa, kowane magidanci a cocin nan yana da aiki da tabon wuta a hannu. Ba wani attajiri ne ya ba mu ita ba. Mata ne suka kawo ta, da suyar tarwaɗa a bakin ƙofar kamfani duk Juma'a, da burodin masara, da kek ɗin dankali. Wadda ta fi kowa daɗewa a gaban kaskon suyar, Eudora Gaines, ba ta ga zuwanta ba. Ana saura kaɗan Allah ya yi mata rasuwa, shi ya sa aka raɗa wa baƙuwar sunanta. Ƙartin kamfani ne suka haura da ita matakalar coci suna nishi. Dikin Hosea Mabry, ɗaya daga dattawan coci, na cikinsu, kuma tun daga ranar bayansa bai sake komawa daidai ba. Har yau in zai miƙe daga kujera sai ya ce, "Wayyo, Eudora!" An daɗe ana yi wa matarsa bayani.

Marigayiyar mai natsuwa ce, ba a tashinta da gaggawa. Sai na danna maɓalli na farko na riƙe, ta yi "wuuuiii" kamar tsohuwa na miƙa, sannan in danna na biyu, in jira 'yan kwalaben da ke cikinta su yi ja. Sai ƙamshin mai da ɗumin katako ya taso, ta fara "hmmm" ɗinta can ƙasa-ƙasa. To a lokacin ne ta yarda a yi magana da ita. Ba ta da kwaɗayi, abincinta 'yan ɗigon mai ne a shekara. Tana da layi biyu na madannai, da matakan ƙafa, da wasu 'yan sanduna a sama da ake ja ana turawa, kowanne da nasa amon. In na ja kaɗan, ta yi raɗa kamar uwa na lallashin jariri. In na ja duka, tagogi su kama rawa, mutanen cocin da ke tsallaken titi su aiko a ce mana mu ji tsoron Allah. Ba ta magana sai ta bakin abokin zamanta, wani ƙaton akwatin lasifika mai juyi a ciki da ke kaɗa muryarta, wanda muke kira Baba Amos. Tsawon zamansu ba a taɓa jin kansu ba.

Ta san wa'azi fiye da wasu masu yinsa. In Fasto Cleophus Dandridge ya fara hawa, ita ma sai ta bi shi. Ya ja numfashi ta cike masa gurbin da gurnani, ya ɗaga murya ta ɗaga, har sai hulunan mata sun fara faɗuwa. In kuwa ya zarce lokaci, ƙamshin kaza na tasowa daga ɗakin girki na ƙasa, takan yi masa wani ɗan "ƙas" a hankali, ya gane ya naɗe tabarma. Makon da aka sallami rabin mazan cocin nan daga aiki, suka zo suka zauna ba mai iya buɗe baki, ita ta fara. Ranar da aka shigo da akwatin mijina Wilbert, idona bai ga madannai ba, hannu kawai na ɗora. Ita ta yi kiɗan, ita ta riƙe ni har aka tashi.

Ba a rasa ta da aibu, mu ma haka. In zafi ya haɗu da laima, madanni ɗaya kan maƙale ya yi ta kuka shi kaɗai, sai na sa farce na ɗago shi. Tana kuma da kunnen gulma, takan kamo maganar 'yan tasi a iska. Wata Lahadi Fasto na tsakiyar addu'a, ya ce, "Ya Ubangiji, ka yi magana da bayinka!" Sai ga murya daga cikin Baba Amos: "Ina kan hanya, cunkoso ne ya riƙe ni a gada." Sai da aka yayyafa wa wata tsohuwa ruwa. Duk mun yafe mata.

Yanzu sai batun ajali, kuma dole in kawo sunan Lamont Askew. Ɗan Ruthell ne, ƙawata tun muna 'yan mata a Misisipi, wadda muka hau jirgin ƙasa ɗaya zuwa garin nan. A gabana aka haife shi. Ni na koya masa kiɗa a kan Eudora, tun ƙafarsa ba ta kai matakai ba sai na ɗaura masa guntayen katako a takalmi. Mai kunne ne, wannan ba zan hana shi ba. Ya girma ya tafi Los Anjeles, ya shiga harkar na'urorin kiɗan nan na zamani da ake kira sintesaiza, sunansa ya fito, 'yan mata suka fara liƙa hotonsa a bango. Mun yi alfahari da shi. Duk baƙon da ya shigo gidana sai na nuna masa kujerar da yake zama ya ci wake da shinkafa.

Ya dawo da ƙanƙara ta fara narkewa, cikin doguwar farar mota, da baƙin tabarau har cikin coci. Bayan sujada ya durƙusa gaban Eudora, ya shafa katakonta, har da share ido. Daga nan ya bi ni gida, ya ci ganyen da na dafa har ya suɗe kwano.

"Mama Zella," ya ce, "kin kuwa san abin da kike yi duk Lahadi? Sandunan nan da kike ja, ki ɗauko wannan amo ki ɗora a kan wancan, ki gina muryar da babu ita a duniya. To abin da injinana suke yi ke nan, ba ƙari. 'Yan ƙafafun ƙarfen nan da ke juyawa a cikinta, daga nan aka faro. Ita ce kakarsu, amma ba wanda ya sani. Ki ba ni aronta. In kai ta wurin ƙwararru su duba ta ciki da bai, in sa ta a fim ɗin sabuwar waƙata duniya ta gan ta, in dawo miki da ita kafin bikin cikar shekarar coci, tana sheƙi kamar amarya."

Na ce, "Kai Lamont, tsohuwa ce fa. Ba ta taɓa kwana a waje ba."

Ya dafa ƙirji. "Haba Mama! Uwata ce fa. Wa zai wulaƙanta uwarsa?"

A taron dattawa Dikin Mabry ya ƙi. Ya ce, "Ni dai mutumin da ba na ganin ƙwayar idonsa, ko tsintsiya ba na ba shi aro." Aka yi dariya. Na miƙe na ce ni na tsaya wa ɗan nan, hannuna ne ya koyar da hannunsa, na san shi kamar yunwar cikina. Ruthell na gefe tana murmushi tana gyaɗa kai. Fasto ya ce, "To, tun da 'yar'uwa Pettiford ta faɗa, magana ta ƙare." Ranar da babbar mota ta zo, na lulluɓe ta da bargon da na ɗinka da hannuna, kada sanyin hanya ya kama ta. Ba a tafi da Baba Amos ba, Lamont ya ce ba buƙata. Dikin Mabry ya kalle ni, ya kalli akwatin lasifikar.

Muka ari wani tsohon fiyano da rabin haƙoransa suka mutu, muka yi ta maneji. Bikin coci ya zo ya wuce. In na buga waya, wata ce ke ɗauka ta ce maigidan yana aiki, za ta faɗa masa.

Labarin rasuwar ya same ni wata Asabar da hantsi, a shagon gyaran gashi na Sista Earline. Kaina na cikin injin busar da gashi, Ruthell na cikin na kusa da ni, kanta cike da robobin naɗi. Talabijin na kunne a kan firji. Sai Earline ta yar da mataji ta ƙwala ihu: "Ruthell, ga ɗanki! Zella, fito ki ga tsohuwarki ta zama 'yar fim!"

Muka fito. Ga ta nan kuwa a tsakiyar yashi, an goge ta, rana na dukan katakonta tana ƙyalli. Lamont na zaune a gabanta cikin wasu kaya masu walƙiya, kamar an naɗe shi da takardar azurfar da muke rufe kaza da ita. Mata suka hau tafi. Ni ma na ji ƙirjina ya buɗe, na ce, "Kai, ɗan nan ya cika alkawari." Amma kunnena ya ƙi yarda. Yatsunsa na gudu a kan madannanta, abin da ke fitowa kuwa ba muryarta ba ce, wata siririyar ƙara ce mai sanyi irin ta injin asibiti. Na matsa kusa da gilashin. Sai na hangi wayarta kwance a cikin yashi, ba a jona ta da komai ba.

Daga nan ya miƙe ya juya mata baya. Wasu ƙarti masu fuskar ƙarfe suka zo da galan na fetur suka tuttule mata. Ya ƙyasta ashana ya jefa ta bayansa, ko waiwaye bai yi ba. Na ga wuta ta kama gefen da nake jingina jakata. Na ga madannai suna lanƙwashewa. 'Yan kwalaben cikinta suka riƙa fashewa, amma ko wannan ba a bar mu mun ji ba, kiɗa ya rufe. Daga cikin hayaƙin sai ga wata sabuwar na'ura siririya kamar faranti ta taso, ya rataya ta a kafaɗa yana rawa.

Shago ya yi tsit, sai ƙarar injinan busar da gashi da ba kowa a ciki. Earline ta kashe talabijin ta ce, "Zella, wataƙila ta roba suka yi irinta. Ai mutanen fim sun iya." Na ce a'a, na ga ƙunar kyandir ɗin Kirsimeti a kusurwarta ta hagu. Ruthell ta juya. Ta ɗauki jakarta ta fita titi da robobi a ka, matar da ko shara ba ta fita zubarwa sai da hula. Masu magana sun ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. A nan ba wanda ya jefe ta, amma ta ɗauke ƙafa daga coci, ta rufe labulen gidanta.

Ina so a sa wannan a tarihin marigayiyar: ta mutu bakinta a rufe, an sa mata muryar wata a gaban duniya. Wannan ya fi wutar ci mini rai.

Sai da Lamont ya ga dama ya kira.

"Mama Zella, kin gani? Duk ƙasar nan an gan ta! Har Japan!"

Na ce, "Na gani."

"Ki fahimce ni, hikima ce. Tsoho ya ƙone, sabo ya fito daga tokarsa. Ai girmama ta na yi, yanzu ba ta mutuwa har abada."

"Tun kana suɗe kwano a teburina ka san za ka ƙona ta?"

Ina jin ƙanƙara na kaɗawa a kofinsa. Ya ce, "Masu shirya fim ne suka ce sai ta gaske, ta jabu ba ta ci da kyau. Mama, kada ki ɗauki abin da zafi. Na riga na aiko muku sabuwa, ta fi ta komai, mutum ɗaya ma ya ɗauke ta. Akwai wani maɓalli, in kin danna, muryar Eudora ce sak."

Na ce, "Lamont, tambayarka na yi."

Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun lokacin na sani."

Na ce, "To aiko mini da gawar." Na ajiye waya.

Ta iso cikin akwatin katako. Ƙarfen cikinta ya yi baƙi ƙirin, 'yan ƙafafunta masu juyawa sun manne da juna, madannai sun narke sun zama dunƙule ɗaya, ga yashin hamada a kowane lungu. Bargona bai dawo ba. Dikin Mabry ya zo ya tsaya a kanta ya cire hula. Na jira ya ce ai ya faɗa, don yana da haƙƙin faɗa. Bai faɗa ba. Ya sunkuya ya ɗaga gefe ɗaya da hannu guda, ya ce, "Zella, ji yadda ta rame." Sai ya fashe da kuka.

Sabuwar da aka aiko kuwa, Fasto mutum ne mai son sulhu, ya ce a gwada ta tukuna. Na danna maɓallin da aka ce. Ta yi wani "niiii" kamar sauro a cikin gwangwani. Aka jona ta da Baba Amos ko zai rufa mata asiri. Ya ɗan juya, ya yi tari, ya ɗauke wuta. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Aka mayar da baƙuwar kwalinta.

Marigayiyar ta rasu ta bar Baba Amos, wanda ke tsaye a kusurwa bai sake cewa komai ba. Ta bar bencinta mai ramin zamana, da ɗan gwangwanin mai da ban san abin da zan yi da ragowarsa ba, da mawaƙan da yanzu kowa ke kama waƙa ta inda ya ga dama. Ta bar jikoki barkatai a faɗin duniya, a gidajen rawa da gidajen rediyo, sirara marasa nauyi, masu kwaikwayon muryar kowa don ba su da tasu. Ba ɗaya da ya aiko da gaisuwa. Ban ce ba jininta ba ne. A kan wannan Lamont gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ya sa a ƙugiya ya kama ni. Ta bar ni, Ozella, da hannuwa biyu da ba su san inda za su sauka ran Lahadi ba. An yi wa mai dami ɗaya sata.

Ta kuma bar Ruthell. Jiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofata, da tukunya a hannu, ta ƙi shigowa.

Ta ce, "Zella, ban san da wace fuska zan shigo gidan nan ba."

Na ce, "Da wadda kika saba. Ke kika ƙyasta ashanar? Shigo, ƙudaje na shigar mini."

Muka zauna muka yi kukanmu, muka ci abin da ta kawo. Ta ce Lamont ya kira ta, wai ya ji za a yi jana'iza, yana so ya zo ya yi kiɗan bankwana, da masu ɗaukar hoto. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Na ce in na ga kyamara a harabar coci, ni da na haife shi zan fasa ta a kansa." Sannan ta kama hannuna ta ce, "Amma ɗana ne, Zella. Shi ke nan gare ni." Na ce na sani.

Allah ya jiƙan Eudora, ya sa ta huta. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashi, ya fara da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a filin bayan coci, gefen da zumuntar mata ke shuka tumatir. An ce mana doka ba ta yarda a binne ƙarfe a cikin gari ba. Dattawa sun zauna, sun yanke cewa in wani ya tambaya, shuka muke yi. Mata su sa farare, maza su zo da kwat. Ba a buƙatar furanni. Za a ci abinci a ɗakin ƙasa bayan an gama, kowa ya zo da kwanonsa. Ba za a yi kiɗa ba, don mai yi mana ita ce a akwatin. Da baki za mu yi waƙa, da tafi, da buga ƙafa a ƙasa. Kwalin da aka aiko yana nan a bakin ƙofa, mai shi ya zo ya ɗauki abinsa.

Fasto ya ce in rubuta cewa ƙofar coci a buɗe take ga kowa, ga shi na rubuta. Ya ce in rubuta cewa mun yafe, na ce masa wannan sai dai ya fitar da tasa takardar. In Lamont Askew ya zo, saboda uwarsa ba za a kore shi ba. Ba zai zauna a gaba ba, ba zai yi jawabi ba, ba zai taɓa wani abin kiɗa ba. Amma ƙasar bayan coci tauri gare ta, mazanmu kuma sun tsufa, kabarin ba a haƙa shi ba tukuna. Shebur na nan jingine a bango. Ya zo da wuri.